Da Aka Rufe Ɗakin Harsashi

Uwais mutumin Talata Mafara ne, kuma aikinsa a Doha cika harsashi. Can bayan Al Rayyan, inda gidaje suka ƙare aka shiga fili, akwai wani kulob na masu wasan harbi. Masu hali ne ke zuwa da yamma su riƙa harbin faifan laka da inji ke cillawa sama. Kwankon harsashin da suka harba ba a zubar da shi. Tattaro shi ake yi a kawo wa Uwais a wani ɗaki mai sanyi a bayan ofis, shi kuma ya zauna gaban inji mai mariƙi ya mayar da shi sabo. Ya sa masa ɗan maɓallin gindi mai kama wuta, wanda a wurin aikin suke kira firaima, ya zuba albarushi da ƙwayoyin dalma, ya rufe baki, ya jefa a kwando. Da gadi ya fara a kulob ɗin. Wani dattijo ɗan Pakistan ne ya koya masa aikin kafin ya koma ƙasarsu, tun daga nan ɗakin ya zama nasa. Yana son aikin ƙwarai. Ba rana, ba tsayuwa, ba mai yi masa tsawa.

Firaima ce ta fara yankewa. Mudir Mubarik, Basudanen da ke shugabantar ma'aikata, ya leƙo wata safiya ya ce ya rage hannu, kayan da aka yi oda ba su iso ba. Bayan 'yan makonni ya dawo ya ce albarushi ma kuɗinsa ya ninka, dillalin kuma ya daina ɗaukar waya.

"Kamfanonin sun koma yi wa sojoji aiki," in ji shi. "Duniya ta cika da yaƙi, wa zai kula masu harbin faifai?"

"To yaushe za su iso, Mudir?"

"Insha Allah."

Uwais ya daɗe a ƙasar, ya san abin da wannan amsar ke nufi. Ba a jima ba aka ce ya tsayar da inji gaba ɗaya. Ragowar firaimar aka kulle a kabad ɗin ƙarfe, aka ce ta masu zuwa gasa ce kaɗai. Aka bar masa makullin ɗakin da na kabad ɗin saboda goge inji da sa mai, sauran lokaci kuwa ya riƙa zagaya fili yana tsintar kwanko. Amma masu harbin ma sun ragu, tunda an ƙayyade wa kowa abin da zai harba. Kafin hantsi ya gama tsintar na jiya, sai ya rasa abin yi. Ya zauna a inuwa ya tashi, ya je ya leƙa ɗakin ya dawo, ya sake goge injin da ya goge ɗazu.

A unguwar Mansura yake kwana, ɗaki ɗaya da Issifu, wani ɗan zangon Kumasi da ke tuƙa motar raba ruwan sha. Issifu ya girme shi, kuma mutum ne mai son ya dawo aiki ya ci shinkafarsa ya miƙe ƙafa. Shi ya fara gajiya da halin da Uwais ya shiga.

"Kai ɗan'uwa, zauna mana. Tun da na shigo kake safa da marwa kamar mai jiran haihuwa."

"Yaya Issifu, in suka rufe ɗakin nan baki ɗaya fa?"

"Sai su mayar da kai gadi."

"In kuma suka ce khalas, ka tafi gida?"

"Sun ce?"

"Ba su ce ba."

"To zauna ka ci abinci."

Sai ya zauna, ya yi loma biyu, hannunsa na dama yana ta jan iska sama da ƙasa a kan gwiwa kamar mai jan mariƙin inji, bai ma sani ba. Ranar hutu ba ya iya zaman ɗaki. Yakan shiga jirgin ƙasa a tashar Mansura ya tafi har inda layin ya ƙare, ya fito ya tsaya yana kallon motoci, ya sake shiga ya dawo. Wata rana ya bi shagunan unguwar ɗaya bayan ɗaya yana tambayar farashin abubuwan da ba shi da niyyar saya.

Ko waya da matarsa Hussaina ta daina yi masa daɗi. Wata la'asar tana ba shi labarin gida ta ce yayanta Bello, wanda ke cikin maharban da ke tsaron unguwarsu, yana ta ƙorafi albarushi ya ɓace a kasuwa, wanda ake samu kuma ba ya sayuwa.

"Ya ce in gaya maka tunda kai kana zaune a kan buhunsa, ka aiko masa ko da gwangwani ɗaya ne," ta faɗa tana dariya.

"Wannan abin dariya ne? Kin san abin da za a yi mini in aka ji irin wannan magana a wayata?"

Ya ba ta haƙuri, amma hirar ba ta koma daidai ba har suka yi sallama.

A cikin masu zuwa kulob ɗin akwai wani tsoho ɗan ƙasa da ake kira Abu Nasir. Tun yana saurayi yake harbi, kuma tun da matarsa ta rasu ba ya fashin zuwa. Shi ma ƙayyadewar ta dame shi. Kafin ya ji daɗin kafaɗarsa rabonsa ya ƙare, sai ya tsaya da bindiga a karye a hannu yana kallon sama, ya je mota ya dawo, ya yi faɗa da mai kawo shayi. Ya saba da Uwais, yakan ce harsashin hannunsa ya fi na kamfani daɗin harbi. Wata Alhamis ya same shi a fili yana tsintar kwanko.

"Ya waladi, ɗana, gobe bayan Juma'a kana da aiki?"

"Babu, Baba."

"Zan ɗauke ka mu je gona. Akwai abin da nake so ka gani."

Issifu bai so tafiyar ba. Ya ce mai kuɗi ba ya ɗaukar ɗan aiki zuwa gona don ya nuna masa dabino. Uwais ya ce ko ma mene ne ya fi masa zaman ɗaki.

Gonar tana da nisa, da bishiyoyin dabino da garken awaki da wani gida mai ɗakuna a jere. Bayan sun ci shinkafa da naman rago, tsohon ya buɗe ɗakin ƙarshe. A kan tebur ga inji irin na kulob, har ya fi shi sabunta. Ga buhunan dalma a jingine, ga gwangwanayen albarushi, ga kwanko cike da kwali. Uwais bai san lokacin da ya ƙarasa ya kama mariƙin ba. Ya ja shi ƙasa ya saki, ya sake ja. Laushinsa ya ratsa shi har kafaɗa.

"Komai akwai," in ji Abu Nasir. "Abu ɗaya ne babu, firaima. Na aika Dubai, na aika Turai wurin ɗana, ko'ina babu. Wani ya ce zai samo mini, ya faɗi kuɗin da ko zinariya ba ta kai ba, na ce ya kawo, har yau ban sake ganinsa ba."

Uwais ya saki mariƙin.

"Makullin kabad yana hannunka," tsohon ya ci gaba. "Ƙaramin kwali ɗaya. Zai shiga aljihunka. Ka zo nan duk Juma'a ka yi aikinka, ni in yi harbina a gonata. Wa aka cuta?"

"Baba, na masu gasa ne."

"Masu gasa! Yaran da na koya wa iyayensu riƙe bindiga."

"In aka kama ni ba kora ce kawai ba. Kayan wuta ne. Ɗauri ne."

"Ni zan tsaya maka. Ka san ko ni wane ne a garin nan?"

Uwais ya dubi injin, ya dubi tsohon. Idon Abu Nasir ya yi ja kamar wanda bai samu barci ba. Tausayinsa ya kama shi, don ya gane ciwo ɗaya ke damunsu.

"Bari in yi tunani, Baba."

"Yi tunani. Amma kada ka daɗe."

Da ya dawo ya gaya wa Issifu komai. Issifu ya ajiye cokali.

"Zai tsaya maka? Ranar da 'yan sanda suka zo, shi yana majalisarsa yana shan gahawa, kai kana bayan mota da ankwa. Ka ce masa a'a mana tun a can!"

"Ba ka ga idonsa ba ne."

"Ni idon 'ya'yanka nake gani."

Makon da ya biyo baya ya fi duk na baya wuya. Kullum da yamma Abu Nasir zai zo, ya harba ɗan rabonsa, ya juyo ya kafe Uwais da ido daga nesa. Uwais ya koma bin bayan gini don kada su haɗu. Makullin da ke aljihunsa kuwa ya zame masa kamar garwashi, yana tafiya yana taɓa shi. Ya yi salla ya manta raka'a nawa ya yi. Ya ce wa kansa ba zai yi ba, can kuma ya ji yana lissafin ta wace ƙofa ake fita ba a bincike.

Ranar Laraba da rana tsaka, ma'aikata duk sun tafi cin abinci, ya shiga ɗakin ya rufo ƙofa. Ya buɗe kabad ɗin. Kwalayen firaimar suna jere a hawa na sama, ƙanana, ba su kai tafin hannu ba. Ya ɗauko ɗaya. Ba nauyi ko kaɗan. Ya sa a aljihun wando, ya kulle kabad, ya nufi ƙofa. Da ya kama hannun ƙofar sai zufa ta karyo masa duk da sanyin ɗakin. Ya tsaya a nan bai buɗe ba. A waje wani ɗan Nepal ya wuce yana waƙa da tsintsiya a kafaɗa.

Ya koma, ya buɗe kabad, ya mayar da kwalin inda yake, ya daidaita shi da 'yan'uwansa. Ya kulle. Bai tsaya ko goge fuska ba ya wuce ofis.

Mudir Mubarik yana cin wake da burodi a kan teburinsa. Uwais ya ajiye makullan biyu kusa da farantin.

"Mene ne wannan?"

"Ka riƙe su a wurinka, Mudir. In za a goge inji sai ka buɗe mini."

Mudir ya daina tauna. Ya dube shi tun daga fuska har aljihu.

"Wani ya yi maka magana ne?"

"Ni dai ka karɓa."

Mudir ya tashi da makullan ya tafi ɗakin shi kaɗai. Uwais yana tsaye a ofis har ya dawo. Ya zauna, ya jefa makullan a aljihun tebur, ya ja farantinsa.

"Daga gobe za ka koma ramin injin cilla faifai. Mai kula da shi ya tafi hutu. Akwai zafi a can."

"Na gode, Mudir."

Da yamma Abu Nasir ya tare shi a bakin fili. Uwais ya gaishe shi, ya ce masa makulli ba ya hannunsa kuma, ya mayar. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, leɓensa yana motsi, sannan ya juya ya shiga mota. Ko rabonsa na ranar bai harba ba. Bayan haka ya zo sau 'yan kaɗan, ba ya amsa gaisuwar Uwais, daga baya ya daina zuwa. Masu kawo shayi suka ce ɗansa ne ya zo ya tafi da shi Turai ganin likita.

Ramin cilla faifai ƙarƙashin ƙasa yake, da rufin siminti, iska ba ta shiga. Uwais ya yi bazara guda a ciki yana loda faifai a inji, harbi yana tashi a saman kansa. Ya rame, ya yi baƙi, amma yana dawowa Mansura yake faɗuwa barci, Issifu ya samu lafiyar cin shinkafarsa.

Sai da sanyi ya shigo kayan suka iso, ba su kai rabin abin da aka yi oda ba, kuɗinsu kuma ya sa kulob ya ƙara wa masu harbi farashi har wasu suka janye. Aka buɗe ɗakin, amma Litinin da Alhamis kawai. Mudir da kansa yake buɗe kabad ya fito da abin da za a yi aiki da shi, ya kulle ya tafi da makulli. Bai taɓa tayar da maganar ba, Uwais ma bai tayar ba. Sauran ranakun yana rami.

Hankalinsa bai koma kan aikin kamar da ba. Ya ga yadda abu ɗan mitsitsi da ake ƙerawa a wata ƙasa zai iya tsayar da shi cak. Ya roƙi Issifu ya raka shi makarantar koyon tuƙi, ya yi rajista, yana zuwa da sassafe kafin motar ma'aikata ta zo. Ranar farko motar ta mutu masa a tsakiyar fili har malamin ya dafe kai. Da ya ba Hussaina labari ta yi ta dariya, shi ma ya taya ta, ta ce in ya samu lasin ya fara koya mata in ya zo hutu.