Taku Biyar na Raudatu

Shekara bakwai Asibi tana goyon Raudatu, kuma goyon 'yar shekara bakwai ya tashi daga goyo ya koma dako. Ranar haihuwa yarinyar ta daɗe ba ta yi kuka ba, sai ta taso ƙafafunta a sanƙare, suna harɗewa kamar almakashi. Baki kuwa ras, duk gidan ba wanda ya kai ta surutu. Yanzu ga ciki wata shida a gaba, ga Raudatu a baya. Asibi ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ana haka labari ya iso ƙauyensu Kazage cewa wata likitar gashin ƙashi za ta zo Birnin Gwari daga Kaduna, ta gwada yara masu wannan lalura, ta raba kujerun turawa guda shida. To Asibi dai ba ta taɓa ganin gwajin da wanda ya faɗi yake samun kyauta ba. Ko a boko ko a Islamiyya, wanda ya ci ake ba. Saboda haka sati biyu cur tana tsayar da Raudatu a jikin turmi, safe da yamma, tana cewa, "Ɗaga wannan, saura waccan." Yarinyar ta sha kuka, ta sha gumi, har ta iya taku huɗu.

Ran gwajin suka zo a kan babur, suka bi layi har azahar. Likitar, Malama Grace, ita ma abar tausayi ce: ido ya faɗa, yara arba'in na jiranta, kuma dole motarsu ta juya kafin la'asar saboda hanyar daji.

"Maman Raudatu, yaya jikin nata?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"A gida tana zama da kanta? Tana matsawa daga nan zuwa can?"

"Tana yi, Malama. Da sauƙi sosai."

Me za ta ce? A gidan da Asibi ta tashi ba a kai ƙarar Ubangiji wurin baƙo.

Malama Grace ta lanƙwasa ƙafafun ta miƙar, sannan ta ajiye wani ƙarfen da ake dafawa a koyi tafiya a gaban yarinyar. Raudatu ta damƙe shi, ta kalli uwarta, ta cije leɓe. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, har da na biyar wanda ko a gida ba ta taɓa yi ba. Daga nan ta zube a tabarma tana haki tana dariya.

"Sannu da ƙoƙari," in ji likitar, tana rubutu. "Mataki na uku take. Matakan biyar ne: na ɗaya mai tafiya da kansa, na biyar wanda ko wuyansa ba ya riƙewa. Kujerun na 'yan huɗu da biyar ne."

Asibi ta ji maganar a ƙugunta kafin ta kai kanta. Ashe nan wanda ya faɗi ake ba. Malama Grace ta ɗago ta dube ta, ta dubi cikin, ba ta rufe biron ba.

"Ko akwai abin da ban gani ba?"

Akwai mana. A gida jan ciki Raudatu take yi, kuma bayan taku huɗun nan yini take a kwance. Magana ce ta minti ɗaya, sai dai a gaban mai takun za a yi ta. Asibi ta buɗe baki ke nan, yarinyar ta ja mata gefen zani.

"Inna, biyar na yi. Kin ƙirga? Na ci ko?"

Asibi ta dubi fuskar nan mai gumi.

"Kin ci," ta ce. "Babu komai, Malama. Mun gode."

Ta durƙusa da ƙyar, ta juya baya, ta ɗaura zanin a saman cikin. A bakin ƙofa suka wuce kujerun a jere, sababbi, ko ledarsu ba a cire ba.

"Inna, waɗannan na waɗanda suka faɗi ne?"

"Nasu ne. Riƙe ni da kyau."