Fikof na Huɗu

Autana ya daɗe yana yi wa yayansa naci ya sassaƙa masa jita mai lantarki. Yayan kafinta ne, ya gaji mahaifinsu. Shi kuwa Auta tun yana ƙarami kiɗa ya ɗauke masa hankali, da shi yake ci da iyalinsa. Da nacin ya ishi Kafinta, sai ya jawo fallen katakon da ya rage daga bencin aikin marigayi, wanda ke jingine bayan ƙofar shago tun rasuwarsa, ya ce, "Ga shi. Ka dai sani babu na biyunsa. In ya lalace, shi ke nan."

Jita ta fito, tubarkalla. Har tabon gudumar marigayi ya bar mata a baya. Na karɓa ina ta shafawa kamar an miƙo mini jariri.

Saura abu ɗaya, wai shi fikof. Ni ma bayani aka yi mini. Ɗan maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya, ana fafe masa rami a jikin jita ƙarƙashin tsirkiyoyi, shi ke jin motsinsu ya kai wa lasifika. Kowanne da irin muryarsa, wani mai kauri, wani mai kaifi. Kuma in aka matsar da shi ƙasa, kusa da ƙarfen da ke riƙe da tsirkiyoyin, kaifin ƙaruwa yake yi.

Shagon Kafinta a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da kicin, don haka komai a kunnenmu aka yi, ni da matar Auta.

Ranar da suka ɗaura na farko, yarinyar nan tana wanke-wanke, sai na ga ta tsaya cak, kumfa na ɗiga daga hannunta. Murya ce mai sanyi, kamar mutum na yi maka hira a hankali. Muna cikin jin daɗi sai kiɗan ya yanke.

"Yaya, ka ji abin da na ji?"

"Na ji. Kamar an rufe ta da bargo."

"Wallahi kuwa! Ba haske ko kaɗan."

Auta ya koma wurin mai shagon kayan kiɗa, abokinsa ne, ya sauyo wani mai kaifi. Wannan bai shiga ramin ba, sai da Kafinta ya ƙara fafewa, ya ɗan matsar da shi ƙasa. Suka gwada. Mu a kicin muka kalli juna. Su kuwa suka ce da sauƙi dai, amma har yanzu bargon na nan.

Na ukun da ya kawo, mai shagon da bakinsa ya ce masa, "Wannan ko gilashi ka nuna wa sai ya tsage." Aka sake fafewa, aka sake matsawa. Ranar kyanwar gidan ta haura katanga, sai da yunwa ta dawo da ita. Ni haƙorana har tsami suka yi. Na leƙa na ce, "Ku 'yan nan, jita kuke yi ko wuƙa kuke wasawa?"

"Mama, ke fa ba harkarki ba ce," in ji Auta. Ko ɗagowa bai yi ba.

To, na ja bakina. Amma gida ya ƙi daɗi. Auta ya daina cin abinci da mutane, yana zaune da waya yana sauraron jitocin wasu, yana tsaki. Kafinta ya bar kujerun mutane ba ƙafa. Da an zauna sai musu.

"Katakonka ne ya mutu, Yaya."

"Katakon ubanka ne, sai ka je ka gaya masa. Yatsunka dai suka tsufa."

Sai ga Auta wata ranar da hantsi da na huɗu a cikin kwali. Na bi shi shagon don raina bai kwanta ba. Kafinta ya kwantar da jitar a kan benci, ya sa yatsa tsakanin ramin da ƙarfen nan. Abin da ya rage na katako bai wuce kaurin yatsan ba.

"Duba nan," ya ce. "Duk ƙarfin tsirkiyoyinka a kan ɗan wannan yake. In na ƙara ci, zai iya riƙewa, zai iya ɓallewa ya tafi da fuskar jitar gaba ɗaya."

"To ya zan yi da jitar da ba ta magana? In rataye ta a bango? Fafe kawai."

Kafinta ya ɗauki kurfi, ƙarfensa na fafe katako, ya fara gwada bakinsa a jikin katakon. Ni kuwa ina tuna tabon gudumar nan da ke bayanta.

Ashe matar Auta ta ɗora butar shayi ta fita shanya, irin butar nan mai fito in ruwa ya tafasa. Ta fara fito, siririn nan mai huda kai, ƙofar kicin kuma a buɗe. Na jira ɗayansu ya ce a sauke. Kafinta na ta auna kurfinsa. Auta na ta warware waya. Ko gira babu wanda ya ɗaga.

Nan take abubuwa suka dawo mini. Ƙararrawar ƙofa da nake ta faɗa a kanta, ina cewa raini ne ya hana su tashi. Talabijin da suke ƙurewa. Wannan ya shekara da shekaru kansa a jikin injin yanka katako, wancan ya shekara da shekaru tsaye gaban lasifika. Ashe ƙara mai kaifi ce ta daina shiga kunnuwansu. Kuma duk duniya ba su sami wanda za su tambaya ba sai junansu.

Na dafa hannun Kafinta. "Ajiye. Me kuke ji yanzu?"

"Me kuwa? Mota ta wuce."

"Kai fa, Auta?"

"Mama, don Allah, aiki muke yi."

Na ja su har bakin kicin. Buta na ta tururi, murfinta na rawa. Sai da Auta ya matsa dab da ita, ya juya kunnen dama, sannan na ga fuskarsa ta sauya.

"Tun yaushe take yi?"

Matarsa ce ta amsa daga bayanmu, da kwandon shanya a hannu. "Tun ina waje nake jin ta. Maƙwabta ma sun ji."

Kafinta ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ashe bargon a kanmu yake."

Auta bai yi dariya ba. Ya sauke butar da kansa, ya tsaya yana kallon ta. "Da kunnen nan nake ci," ya ce, ba da kowa yake ba. Can ya juya wurin matarsa, murya a ƙasa. "Ke wanne kika ji?"

"Na farkon. Ranar sai da na bar wanke-wanke."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Wa ka tambaya?"

Aka je aka karɓo na farkon. Kafinta ya cike rarar ramin da guntun katako, ya rufe da baƙin faranti, ya mayar da kurfi cikin akwati. Auta ya zauna ya kaɗa, idonsa a kan fuskar matarsa. Muryar nan mai sanyi ta cika shagon, har na ji idona ya kawo ruwa.

Ya tsaya, ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin.

"Ni dai har yanzu bargo nake ji," ya ce.

"Ci gaba," in ji ta.

Ya ja tsaki, ya ci gaba.