Fuskar Gawayi

Mai Zane ya yage ledar kwalin farko, ya zaro littafi ɗaya ya buɗe tsakiya. Ya daɗe yana kallo. Injin buga takardu na ta ƙugi a bayansa, ɗakin duk warin tawada.

"Ya ka gani?" in ji mai injin, yana goge hannu da tsumma. "Aiki ya fita ko bai fita ba?"

"Baba, wane ne wannan?"

"Mutuminka mana. Gawayi."

Shekara biyu Mai Zane ya kwashe yana zana wannan littafi na barkwanci. Labarin wani masinja ne baƙi wuluk da ake kira Gawayi, a wani ofis mai hawa bakwai. Duk hawan da ka ƙara, sai ka tarar mutanensa sun fi na ƙasa haske. Na hawa na uku a ɓoye suke shafa man bilicin, na biyar a fili, shugaba kuwa can sama ya yi farin da in ya jingina da bango sai an neme shi. Gawayi kaɗai ya ƙi shafawa, shi ya sa har yau yake bakin ƙofa. Gobe da safe za a buɗe baje kolin littattafai, an riga an ba Mai Zane tebur.

Gawayin da ke wannan shafi kuwa fes yake, kamar ɗan hawa na shida. A gefensa sakatariya tana cewa, "Kai, matsa can, ka tare mana haske," ga shi kuma ya fi ta fari.

"Na ɗan wanke maka shi ne," in ji mai injin. "Shekara talatin ina wannan aiki. Katin aure, kalanda, fastar 'yan takara, ba wanda ya taɓa kawo min fuska ya ce a bar ta yadda take. Ango ma sai ya ja ni gefe ya ce, Baba, a ɗan taɓa ni. Na ga naka ya yi duhu da yawa, na ce bari in rufa masa asiri."

"Baba, sunansa fa Gawayi."

"To sai me? Ina da maƙwabci ana ce masa Dogo, iyakarsa kafaɗata."

"Ka karanta littafin kuwa?"

"Ni bugawa nake yi. In na tsaya karatu, wa zai tsaya wa inji?"

Mai Zane ya nemi inda zai ajiye fushinsa ya rasa. Tsohon tsakaninsa da Allah yake jiran godiya. Da aka zo maganar sake bugu, ya ce irin wannan takardar ta ƙare, sai mako mai zuwa. Mai Zane ya ɗora kwalayen a bayan babur, a hanya ya tsaya kanti ya sayi baƙin alƙalamin zane guda huɗu.

Da la'asar matarsa ta same shi a falo, ya tura kujeru gefe, ya baza littattafai a ƙasa, yana bin fuskar Gawayi da tawada shafi bayan shafi. Ya faɗa mata abin da ya faru. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Baban yara, nawa kake jin za ka gama kafin gobe?"

"Ko ashirin ne. Wanda ya yi baƙi shi zai je kasuwa, sauran su jira."

"Kawo alƙalami ɗaya. Kai hannunka nawa gare shi, kamar mai yi wa amarya kwalliya."

Ta zauna ta ɗauki littafi. Maimakon ta fara, sai ta tsaya karantawa, don ba ta taɓa ganin aikin a haɗe ba. Ta yi dariya a hawa na ɗaya, ta yi a na biyu. A hawa na uku, inda wata mata ke ɓoye kwalbar man bilicin a ƙarƙashin kayan wanki, dariyar ta tsaya. Shi kuma ya duƙar da kai kan aikinsa. Bai taɓa yi mata maganar man da ita ma take shafawa ba, ko sau ɗaya, zanawa kawai ya iya.

Can ta cire murfin alƙalamin.

"Har ina zan kai baƙin?"

Ya miƙa hannunsa zai nuna mata, ta ture shi a hankali. Ta dunƙule nata hannun ta ɗora a kan shafin. Bayan hannun jawur, gaɓoɓin yatsun kuwa baƙi ƙirin, nan ne man bai taɓa ci ba.

"Bar shi," ta ce. "Na ga kalar."

Ta fara daga goshin Gawayi.