Yasar Rijiyar Sama'ilu

Shekara uku ke nan da aka ba Saude kula da wajen shaƙatawar da ke gindin dutse, a bayan garin Roni. Kullum daga Kazaure take zuwa a motar haya, ta ƙarasa a kan acaɓa. Wurin ba wani babba ba ne. Akwai lilon yara da kujerun siminti, da dashen darbejiya da ake lallaɓawa, sai wata tsohuwar rijiya da aka ce wani makiyayi mai suna Sama'ilu ne ya haƙa ta tun kafin zuwan Turawa. Ita Saude ce da kanta ta nemi a kewaye rijiyar da waya, a sa mata murfin ƙarfe da kwaɗo, don kada duwatsun bakinta su ci gaba da zubewa. Ba ƙaramin alfahari take yi da wannan aikin ba.

A bana damina ta ɗauke da wuri, tafkin da shanu ke sha ya ƙafe tun kafin bazara ta yi nisa. Wata Talata da hantsi wani dattijo ya yi sallama a bakin ofishinta. Muhammadu Lawal ne, daga rugar da ke bayan dutsen. Ya ce maruƙansa sun kasa tafiyar neman ruwa, biyu ma sun riga sun mutu, yana roƙon a bar shi ya riƙa ɗiba a rijiyar.

Saude ta ba shi haƙuri. Ta ce rijiyar kayan tarihi ce, doka ba ta ba ta ikon buɗewa ba. Dattijon bai yi musu ba, ya dai roƙi ta bar shi ya leƙa, don Sama'ilu kakan mahaifinsa ne. Wannan kam ta kasa hana shi.

Da aka ɗaga murfin, wani wari ya bugo su. Ya zura guga, ya jawo, sai baƙin taɓo da ruɓaɓɓun ganye. Ya daɗe yana murza taɓon a yatsunsa.

"'Yata, yaushe rabon da a yashe ta?"

"Tun da na zo ba a taɓa ba, Baffa. Adana ta muke yi."

"Rijiyar da ba a ja mutuwa take yi. Idanunta sun toshe. In ta ƙara shekara a haka, rami kawai za ki riƙa nuna wa baƙi."

Maganar ta zauna mata a rai har ta koma gida. Washegari ta je wurin shugabanta ta nemi izinin a yashe rijiyar, ya saurare ta, ya ce ta rubuto a takarda, in kuma wani abu ya lalace ita za ta amsa. Ta ce ta ji.

Ranar Asabar Muhammadu Lawal ya zo da maza huɗu daga rugarsu. Kwana biyu suna yasa, ɗaya a ciki, sauran suna jan ƙasa da igiya. Dattijon bai shiga ba, yana bakin rijiyar yana faɗin dutsen da za a taɓa da wanda za a bari, kamar mai karantawa a littafi. Saude ta ɗauko wayarta ta naɗi duk abin da ya ce, har da sunayen waɗanda suka yashe ta a zamanin mahaifinsa. A cikin taɓon an samu fasasshen tulu da wata munduwar tagulla, ta wanke su ta ajiye a ofis. Da la'asar a rana ta biyu ruwa ya fara tsattsafowa.

Suka yi yarjejeniya cewa shanu ba za su shigo ba. Za a ajiye kwamin shayarwa a bayan waya a riƙa kai musu ruwa, kuma duk wanda ya ja wa dabbobinsa zai zuba wa dashen bishiyoyi.

Ruwan bai ishi garke ba. Maruƙa da raunanan shanu kawai ya ɗauka, sauran dole 'ya'yan dattijon suka kora su kudu. Darbejiyar ma kusan rabi ta bushe kafin ruwan sama ya sauka. Dutse ɗaya kuma ya faɗa ciki wajen ja, aka aiko wa Saude takardar neman bahasi. Ta zauna ta rubuta abin da ya faru dalla-dalla, ta ƙara da roƙon a sa yasar rijiyar cikin aikin kowace shekara, a kuma riƙa kiran mutanen rugar. Har yanzu amsa ba ta zo ba. Ta dai yanko makullin kwaɗon guda biyu, ɗaya yana hannun Muhammadu Lawal.