Jarka Biyu Don Baban Rijiya

Tela na tsakiyar haɗa wuyan riga aka buga masa taga, har sai da allurar keken ta karye.

"Tela! Ka fito, maƙwabcinka ya cika!"

Matar Baban Rijiya ce, ko takalmi babu a ƙafarta. Mijinta ne ya haƙa duk rijiyoyin layin. Tun da kamfanin rini ya fara sako ruwansa ta bayan gidaje, shi ake kira ya ɗanɗana. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya ce, "Wannan ta tafi, ku rufe ta." Shekara uku yana kurɓa, har ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ɗauke.

"Ka tuna abin da ya ce maka jiya?" in ji ta.

Ya tuna. Tsohon ya damƙe masa hannu ya ce, "Kai ɗan allura, kada ku kuskura ku wanke ni da ruwan nan. Na sha shi da raina, ya isa."

Tela ya suri jarka biyu ya zura da gudu. Kurar mai sayar da ruwa wayam, tankar da ke kawo masa ba ta zo ba tun shekaranjiya. Gida uku ya leƙa, kowa na ta nasa lissafin kofi. Rana ta take, gawa kuwa ba ta jira. Saura wuri ɗaya: famfon da ke cikin kamfanin.

Maigadi ya turo masa takarda da biro ta tsakanin ƙarafan ƙofa. "Sa hannu ka ɗiba."

Tela ya san takardar. Duk wanda ya sa hannu ya yarda ba shi da ƙorafi a kan kamfani. Sunansa kuwa shi ne na farko a ƙarar da gida arba'in suka shigar, kuma mako mai zuwa za a zauna.

"Wankan gawar Baban Rijiya ne fa, ɗan'uwa!"

"Ni ma shi ya haƙa min tawa rijiyar. Amma ga na'urar ɗaukar hoto can a sama tana kallona. 'Ya'yana shida."

Tela ya kai gaba, ya dawo. Ya dubi rana. Ya karɓi biron.

Nan take ƙararrawar tashi daga aiki ta kaɗa. Mata ma'aikata suka tuɗo waje, hannuwansu shuɗi har gwiwa, kowacce da gorar ruwan famfo a jaka, na 'ya'yanta a gida.

"A'a, Tela!" in ji wata dattijuwa a cikinsu. "Ɗinki ya ƙare ne, ka zo neman aiki gidan maƙiya?"

Ya faɗa mata. Ta fizge biron ta wurga wa maigadi.

"Buɗe jarkar, Tela, kai kuma sai ka ce ba ka karya ba! Mata, Baban Rijiya ne."

"To yaranki fa, Inna?" in ji Tela.

"Yau sa sha shayi a wajen kakarsu."

Gora bayan gora suka juye. Wata ta rage kaɗan don jaririnta. Jarka ɗaya ta cika, ta biyu ta tsaya a rabi.

A tsakar gida Tela ya tsiyaye ruwan cikin baho. Matar mamacin ta durƙusa, ta ɗebo a tafin hannu, ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Ruwan ya lafa, har ana ganin lotsawar da ke gindin bahon.