Rabon 'Ya'yan Barakatu

Barakatu tana cikin shayar da autarta Firdausi ta fara jin ƙululun a nononta na hagu. Ɗan abu ne kamar ƙwallon magarya, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Ba ta da lokacin tsayawa a kansa. Mai bandar kifi ce a wani ƙauyen masunta da ke bakin tafkin Kainji, kusa da Warra. Mijinta Rabi'u ya kamo, ita ta gyara ta jera a kan wayar banda, ranar kasuwa fataken Yelwa su zo su kwashe. Ga Nusaiba da ta fara firamare, ga Sadiq mai ƙiriniya, ga ta goye.

Da abin ya ƙara girma ta nuna wa uwar mijinta, Altine, wadda kowa a gidan ke kira Goggo, har 'ya'yan cikinta. Goggo ta lallatsa ta ce nono ne ya daskare, a gasa da ruwan zafi. Aka gasa, bai tafi ba. Aka kira wanzami ya yi sakiya, jini kawai ya fito, bakin wurin kuma ya ƙi haɗewa. Sai da ya fara wari, har Barakatu ta lura matan da ke taya ta fiɗar kifi suna matsawa nesa da ita, sannan Rabi'u ya kai ta asibiti a Yelwa. Daga can aka tura su Sakkwato.

Likita bai yi musu kwana-kwana ba. Ya ce sankarar mama ce, ta yi nisa, dole a cire nonon, bayan nan a yi ta ƙara mata ruwan magani wata da watanni. Yarinya kuma a yaye ta nan take.

Yayarta Hansatu ce ta karɓi yayen. Tana aure a tsallaken ruwa, ta daɗe a ɗakin miji Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta zo da kwalekwale, ta goya Firdausi tana tsala ihu, ta ce, "Ki tahi ki nemi lahiya, Baraka. Ɗiyarki tana hannuna har ki dawo."

Barakatu ta tafi tafki yana cike, ba ta dawo ba sai da ruwa ya janye ya bar duwatsun gaɓa a fili. A tsakanin nan an yanke nonon, gashin kanta ya zube har gira, faratanta sun yi baƙi. Akwai ranakun da ko ƙamshin miya ta ji sai amai. A duk wannan, abin da take riƙewa ta haɗiye magani shi ne yaran nan uku.

Da ta iso gida 'yan sannu suka cika tsakar gida. Suna cewa ta yi kyau, idanunsu kuma na kan gefen rigarta da ya lotsa. Nusaiba ta rungume ta. Sadiq ya tsaya daga nesa yana leƙe, sai da yamma ya yarda ya zauna kusa da ita. Ta tambayi yaushe za a kawo Firdausi, aka ce ta dai huta tukuna. Ta sake tambaya bayan kwana biyu, aka ce iska ta yi yawa a ruwa.

Wata rana bayan azahar tana kwance a ɗaki, Zuliha ƙanwar Rabi'u ta zo daga Yelwa. Suka zauna da Goggo a inuwar rumfar banda, dab da tagar ɗakin, suna zaton barci take.

"Ke ki ɗauki Nusaiba," in ji Goggo, "ga makaranta kusa da ku. Sadiq kuwa Audu ya ce shina so." Audu shi ne wan Rabi'u, manomi ne a Shanga. "Ƙaramar dama ta zauna hannun Hansatu, babu sauran magana."

"To sai yaushe, Goggo?"

"Ba mu yi gaggawa ba. Amma ke ba ki gan ta ba? Wannan ciwo wa kinka taɓa ji ya tashi? Gara a san inda kowa zai dosa, kada abin ya zo mu tsaya kallon-kallo."

Barakatu ta dafa bango ta miƙe. Ko kallabi ba ta nema ba, ta fito da kanta ƙwal a rana. Zuliha ta saki goron da ke hannunta.

"Sannunku da aiki," ta ce. "Na ji an raba yara. Tukwanena da gadona hwa, wa anka ba? Kada a manta da su."

"Haba Baraka, ba haka—"

"Ni kuma, Goggo, wa anka ba ni? Ko ni an gama da tawa?"

Goggo ba ta ji kunya ba, ta dai gyara zama. "Ɗiyata, ba mugunta ba ce. Mun binne mutane da yawa, mun ga yadda marayu ka watsewa in ba a shirya ba. Ke ma in kin natsu kya gode muna."

"Marayu," in ji Barakatu. Ta juya ta koma ɗaki.

Da Rabi'u ya dawo daga ruwa ta tare shi tun bai ajiye tarun kifinsa ba. Ta ce, "Malam, ka san da maganar rabon yaran nan?"

Ya sunkuyar da kai. Shi ma ya rame a watannin nan, tsakanin kamun kifi da zaryar Sakkwato. "Sun yi mini maganar. Ban ce e ba, ban ce a'a ba."

"Ka yarda ke nan."

"Baraka, ni kullum ina kan ruwa. In wani abu ya hwaru, wa zai..."

"Gobe ka ƙetara da ni. Zan ɗauko ɗiyata."

Bai yi musu ba. Da safe ya tayar da injin kwalekwale, suka ƙetare.

A tsakar gidan Hansatu ta ga wata yarinya ɓul-ɓul, an yi mata kitso ƙanana, da jigida a ƙugu, tana bin 'yan tsaki da gudu. Firdausi ce, wadda ta tafi ta bari tana rarrafe. Ta durƙusa ta buɗe hannu ta kira sunanta. Yarinyar ta tsaya, ta dubi ramammiyar fuskar nan marar gira, sai ta ƙwalla ƙara ta ruga ta cusa kai cikin zanen Hansatu tana cewa, "Inna! Inna!"

"Ke, ga Innarki nan ta gaske," in ji Hansatu, tana ƙoƙarin ɓamɓare ta. Amma hannunta ɗaya na shafa bayan yarinyar, kuma Barakatu ta gani.

"Yaya, na zo ɗaukar ɗiyata. Allah ya saka da alheri."

Hansatu ta jira har Rabi'u ya fita ya ba su wuri. "Baraka, ki dubi jikinki. Ki bari ki ƙara jin ƙarhi, ko zuwa kaka ne. Ni mai kawo miki ita ce da kaina."

"Haka Goggo ta ce. Kowa in bari yake cewa. Mi kuke jira in bari ya zo?"

Hansatu ta fashe da kuka, ta shiga ɗaki ta fara haɗa kaya. Tana ninke 'yan riguna tana bayani: ba ta shan kunun tsamiya sai na gyaɗa, ba ta barci sai an riƙe mata ɗan yatsan ƙafa, in ta ce "bubu" ruwa take so. Barakatu ta tsaya tana sauraron wata tana karanta mata 'yar da ta haifa. Da Hansatu zaginta ta yi, da ya fi mata sauƙi.

Firdausi ta yi kuka tun daga wannan gaɓa har waccan. A gida ma ba ta fasa ba. Ta ƙi cin abinci daga hannun uwarta. Da an sauke ta sai ta nufi ƙofa ta tsaya tana kallon ruwa tana kiran Inna. Barakatu ta so ta goya ta, amma ƙullin zane a kan tabon aiki yake faɗawa, hannunta na hagu kuma ya kumbura ya yi nauyi kamar taɓarya. Ran da zazzaɓi ya kama yarinyar har ta yarda ta kwanta a jikinta, ta zura hannu cikin rigar kamar yadda yara ke yi, ta taɓo fata shafe da ɗinki mai tauri. Ta zare hannun da sauri, ta sulale ta koma bayan ƙyaure.

Duk da haka Barakatu ba ta saki ba. Ta dama kunun gyaɗa da hannu ɗaya, ta riƙe ɗan yatsan ƙafa har barci ya zo. Jigidar da ta zo cif a ƙugu ta fara zamewa. Goggo na kallo, sai dai ta yi tsaki ta kau da kai.

Sai ciwon baya ya kama Barakatu. Ta ce nauyin yarinya ne, ta ce tabarma ce. Da lokacin komawa asibiti ya yi aka ɗauki hoto, likita ya daɗe yana dubawa kafin ya ce ciwon ya shiga ƙashin baya. Akwai maganin rage zafi, akwai na ja masa birki, amma ba na kore shi. Ta tambaye shi ko za ta ga Firdausi ta shiga makaranta. Ya ce rai na hannun Allah. Ta roƙi Rabi'u kada ya faɗa wa kowa a gida, don ta san fuskar da Goggo za ta yi.

Bayan dawowarsu, wata hantsi, tana zaune a kan turmi a bakin ƙofa tana shan iska. Manyan yaran suna makaranta, Goggo ta tafi barka. Wani kwalekwale ya taho daga tsallake da mata a ciki. Firdausi ta hango shi, ta ce "Inna!" ta zura da gudu zuwa gaɓa.

Barakatu ta yunƙura, bayanta ya riƙe kamar an soka mata mashi, ta faɗi a kan gwiwa. Ta kira yarinyar, ta yi tsawa, ta yi lallashi. Firdausi ko waiwaye ba ta yi ba, muryar ba ta kowa ba ce a wurinta. Barakatu ta bi ta da rarrafe a cikin yashi da ɓawon kifi, tana kallon ruwa ya kai wa 'yar gwiwa, ya kai ƙugu. Wata maƙwabciya da ke wanki ce ta yar da kwano ta fizgo ta, ruwa ya riga ya shiga bakinta.

Matar ta kawo ta jiƙe sharkaf ta miƙa. Yarinyar ta maƙale a wuyan maƙwabciyar, ta ƙi zuwa.

A ranar Barakatu ta karɓi wayar Rabi'u ta kira Hansatu. "Yaya, ki zo ki ɗauke ta."

"Baraka, lahiya?"

"Ki zo dai. Amma duk ranar kasuwar Warra ki biyo da ita in gan ta. In ta girma kuma, kada ki ce mata ba da ita na yi. Ki ce na je na ɗauko ta, jikina ne ya ƙi."

Washegari Hansatu ta iso. Tun kafin ta gama sallama Firdausi ta ruga ta ɗafe ta, tana dariya tana kuka, dariyar da uwarta ba ta ji ba ko sau ɗaya tun da ta kawo ta. Hansatu ta kasa haɗa ido da ƙanwarta. Barakatu da kanta ta ɗaure ƙullin kayan, da haƙori da hannu ɗaya. Ba ta raka su gaɓa ba, don ba za ta iya saukar gangaren ba. Daga kan turmi ta kalli kwalekwalen har ya zama ɗigo.

Goggo ta zo ta tsaya a kanta. "Da kin ji magana tun hwarko, da ba a wahal da yarinya ba."

"Kin yi gaskiya, Goggo," in ji Barakatu. "Sai ki zuba ruwa ƙasa ki sha."

Ta gaya wa Rabi'u a gaban uwarsa cewa Nusaiba da Sadiq ba inda za su, sai ranar da aka fitar da ita daga gidan. Ya ce ya ji. Ba wanda ya sake ta da maganar, amma Zuliha ta yawaita ziyara, kuma ba ta zuwa hannu sake: yau takalmi daidai ƙafar Nusaiba, gobe hijabi kalar makarantar unguwarsu. Audu ya aiko wa Sadiq da 'yar ƙaramar fartanya, wai ta wasa.

Hansatu ta cika alkawari da farko. Daga baya wata kasuwar ta zo, wata ta aiko cewa ruwa ba kyau. Firdausi ta mayar da jikinta, bakinta ya buɗe. An koya mata gaisuwa, takan durƙusa daga bakin ƙofa, hannunta riƙe da gefen zanen Hansatu, ba ta shigowa ciki.

"Gaishe ta mana," Hansatu kan ce.

"Sannu, Inna mai ciwo."

Barakatu, daga kwance, takan amsa, "Yawwa, sannu." Sai yarinyar ta ɗaga kai ta tambayi Hansatu ko sun gama, su tafi gida.