Haruffan da Baba Ya Haddace

Ƙarfe goma da rabi mahaifinta ya shigo ɗakin gwajin ido, riƙe da takardar sabunta lasisin tuƙi. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana jan motar haya. Ranar kuma ita kaɗai ce a bakin aiki.

"Likita bokan Turai," ya ce yana dariya. "Yi maza ki sallame ni, fasinja ba su san haƙuri ba."

Ta zaunar da shi nesa da allon haruffa, ta ce ya rufe ido ɗaya. Ya karanto layi bakwai a jere, babu gargada.

Ko harafi ɗaya bai dace ba.

Ta gane su nan take. Haruffan tsohon allo ne, wanda ta rataya a falonsu tana ɗaliba, take koyon aiki da idonsa kullum bayan an ci abinci. Irinsa ne a ofis har makon jiya, da aka kawo sabo.

"Baba, an canza allon."

Ya sauke hannu daga fuskarsa. Ya daɗe yana ƙura wa bangon ido.

"To wa zai sani, uwata? Daga ni sai ke." Muryarsa ta yi ƙasa. "Dokar nan mutane ne suka zauna suka rubuta. Bara layi biyar ake nema, bana shida, baɗi wani ya sake. Wacce ce gaskiyar a ciki? Ni hannuna ya san hanyar nan fiye da idon kowa."

Ta dubi takardar da ke gabanta. Abin da ta sani, shi ne ya raine ta a kan cewa laifi laifi ne ko da mutum shi kaɗai ne a ɗaki.

"Layin suna iya canzawa, Baba. Wanda zai tsallaka titi ba ka gan shi ba, ba doka ce ta ajiye shi a wurin ba."

Ta rubuta sakamakon, cewa bai ci gwajin ba, ta buga hatimi.

Ya ninke takardar gida huɗu. "Na gode, malama," ya ce, kamar yadda yake ce wa fasinja.

A bakin ƙofa hannunsa ya kuskure mariƙin, ya shiga lalube. Ta miƙe.

"Zauna," ya ce, bai waiwayo ba. "Mutane na jiranki."